Wa Ya Ce Itace Ba Ruwan Mace?

'Yan uwana mata, na ɗaki da masu shirin shiga. Yau faɗa zan yi, kuma ba da maza kaɗai ba, har da mu kanmu.

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu nan ƙasar Gwaram, wai sha'anin itatuwan gona na maza ne, mace ba ruwanta. Haba jama'a! Wace ce ke tsugunne gaban murhu safe da yamma? Wa ke dafa kalwa ta yi daddawa, wa ke dakan kuka, wa ke kaɗa man kaɗe? In ice ya yi wuya, idon wa hayaƙin kara da kashin shanu ke ci? Amma ranar da mai gawayi zai zo cinikin kiryar gonar gado, a zaure ake gamawa, ke kuwa sai dai ki ji a bakin yara.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, mutanen birni da yawa suka koma wa gawayi, kuma daga dazukan irin namu na kudancin Jigawa ake loda musu. A 2024 gwamnatin jiha ta hana sare itatuwa don gawayi ba da izini ba. Madalla. Sai dai doka tana Dutse, gatari yana gona, malamin daji kuwa ba zai kwana gindin kowace ɗorawa ba.

Ki yi lissafi da kanki 'yar uwa. Kaɗanya takan shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma wuni guda ya isa a kayar da ita. Kuɗin gawayinta ba ya kai kasuwa biyu a aljihun maigida. Ɗorawa kuwa duk shekara tana ba ki gari da kalwa, har ki aurar da 'yarki tana bayarwa. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, to ni dai ban ga inda take tsada ba.

Ga kuma sana'o'in da ke tafiya tare da itacen. Da kirya masassaƙi ke fafe turmi, irin wanda uwa ke daka a ciki har ta bar wa 'ya. Allon da yaronki ke karatu da shi, aduwa ce. Kabar goruba ita ce tabarma da faifai, geza ita ce kwando, bagaruwa ita majema ke jima da ita. In babu icen, mai gizago me zai koya wa ɗansa? Sai yaron ya tattara ya tafi Kano ga-ruwa. A nan fa laifinmu yake. Mu ne muka ce akushi ƙauyanci ne, muka cika ɗakin amarya da robobin da rana ɗaya za ta fasa. Ki zaga kasuwar Sara ki ga inda 'yan mata ke cincirindo, ai ba wajen masu muciya da kujerar tsugunno ba ne. Ban ce kada a sayi tangaran ba, ni ma ina so. Amma tuwon da ya kwana a akushi ko suruka ba ta kushe shi.

Masu cewa ai daji na Allah ne ba ya ƙarewa, da masu cewa ya riga ya ƙare sai haƙuri, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin kowannensu ya naɗe hannu. Su je Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda ruwan sama bai kai namu ba. Bayan farin shekarun 1970 gonakinsu sun koma fili fetal. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka fara barin su, suka sa wa abin suna sassabin zamani. Da haka aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a Nijar, akasari a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa su ba. Hausawa ne irinmu, kuma matansu ne suka fi shan daɗin abin, don nisan zuwa ice ya ragu.

Aikin ba wani boko ba ne. Lokacin sharar gona, in an iske kututturen kalgo, sabara, marke ko gawo ya tofo, kada a ƙone shi. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da adda mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. A rage ƙananan rassan gefe har rabin tsawo. Abin da aka rage, shi ne icen girkinki. Duk shekara a cire reshe ɗaya a bar sabo ya maye gurbinsa. Gawo ma ba ya tauye gero, shi da ke zubar da ganye da damina, ya tufata da rani.

Na san wata za ta ce, "Ni da nake kulle, ina ni ina gona?" To baki ma kulle yake? Yaran da ke kai abinci gona ke kika haife su, ki koya musu bambanta tsiron marke da ciyawa. Ki zaunar da maigida bayan ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Malam, ɗorawar nan ta gabas a bar mini ita, kuɗin cefanen da take rage maka ya fi na mai gawayi." Wadda kuma ta gaji gona wajen mahaifinta, rabonta nata ne a shari'a, har da itatuwan ciki, ba yaya ba ƙane da ke da ikon sayar da su sai da yardarta. Ki aika a ƙirga miki su tun kafin kaka ta wuce masu gatari su fito.