TAMBARIN ARO A GOSHIN MOTA: ADO NE KO ALGUS?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da riƙon amana a fagen fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata za mu yi magana ne a kan wani abu wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma ya zama ƙofar cin dukiyar mutane da ƙarya a garuruwanmu. Abin nan kuwa shi ne tambarin da kamfani ke mannawa a goshin mota da bayanta, wanda yake bayyana sunanta da ajinta da irin injin da ke cikinta. A yau an wayi gari ana ɓamɓare wannan tambari kamar yadda ake sauya hula, a liƙa wani wanda ya fi shi daraja, kuma ba a ɗauki hakan a bakin komai ba.

YADDA ABIN YAKE

Dattawanmu za su iya tuna lokacin da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a shekarar 1975. A wancan zamani duk wanda ya ga zaki a goshin 504 ya san abin da ya gani, babu wani ɓoye-ɓoye. Amma da kwancen motocin Turai da Amurka suka cika ƙasa ta Ikko da Kwatano, sai aka sami mota guda mai aji uku ko huɗu, jiki iri ɗaya, kuɗi daban-daban, babu abin da ke rarrabe su a idon wanda bai sani ba sai 'yan haruffan da ke jikin but. Daga nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa.

Ɗauki Toyota Camry ta shekarun 2007 zuwa 2011. Akwai mai fulogi huɗu, akwai mai fulogi shida. Akwai ajin LE, akwai XLE wadda ta fi ta kayan alatu. Sai mutum ya sayi harafi guda na roba da ɗan gam, LE ta kwana ta tashi XLE. Wani ya manna V6 a bayan mai fulogi huɗu. Wani ya sayi Marsandi C300 ya liƙa mata AMG, alhali wannan suna ne na wani sashe na musamman na kamfanin, mai ƙera injuna masu ƙarfi da tsada. Wani kuma ya cire tambarin Pontiac daga motar Vibe ya ɗora na Toyota, domin ya san sunan da kasuwa ta fi so.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa manyan motoci. Land Cruiser samfurin da aka fara a 2007 aka ci gaba da ƙera shi har 2021, kamfani ya sake masa fuska a tsakani, haka ma 'yar'uwarta Lexus LX 570. To, sai a kawo ta 2008, a sauya mata fitilu da bamba da bonet da tambura, a fesa fenti, ta fito tamkar ta 2018. Inji na nan da shekarunsa, giya na nan da gajiyarta, ƙarafunan ƙasa na nan da tsatsarsu. Sau da yawa kuma a haɗa da mayar da agogon tafiya baya. An yi wa tsohuwa kwalliyar amarya, an kai ta kasuwa.

MATSAYIN SHARI'A

Mu fara da adalci. Asalin abubuwan duniya halacci ne. Wanda tambarin motarsa ya karye ko aka sace, ya sayi irinsa ya mayar, babu laifi a kansa. Wanda ya cire tambura gaba ɗaya don ya fi son bayan motarsa fayau, ko ya sake mata launi, wannan tsakaninsa da aljihunsa ne, matuƙar bai kai ga almubazzaranci ba. Maganarmu tana kan wanda ya sa tambarin da ke faɗin abin da ba shi ne ba. Domin tambari magana ce. Shaida ce da ƙarfe ke bayarwa a madadin mai shi, kuma shaidar zur ba ta zama gaskiya don an rubuta ta da azurfa.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mutumin ya kawo uzurin ruwan sama. Manzo ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga duk mai yin algus. To, ku duba: wancan mutum ɓoye aibi kawai ya yi. Ina ga wanda ya ɓoye aibi, ya kuma ƙago falalar da babu ita?

Akwai ma misalin da ya fi wannan kusa. A zamanin Manzo wasu kan bar raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatse ta ba, hantsa ta cika ta yi nauyi, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, aka kuma ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino. Mai dabbar nan bai furta ƙarya da bakinsa ba, hantsar ya bari ta yi masa ƙaryar. Wannan shi ne ainihin aikin tambarin aro. Malamai suna kiransa tadlisi, kuma duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risalar Ibnu Abi Zaidin ya san cewa an jera shi tare da algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta ba.

HUJJOJINSU DA AMSARSU

Na farko zai ce: ai ni ban ce masa komai ba, shi ya gani ya yaba. Mun riga mun amsa wannan da hadisin hantsa. Mu ƙara da cewa a hadisin Hakimu ɗan Hizamu (R.A.), albarkar ciniki an rataya ta ne a kan abu biyu, faɗin gaskiya da bayyanawa, an kuma rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Shiru a inda bayani ya wajaba ɓoyewa ne.

Na biyu zai ce: ai Vibe da Toyota Matrix inji ɗaya ne, me na ɓata? Gaskiya ne an ƙera su bisa tsari guda. Amma muna tambayarsa: in dai ɗaya ne, me ya sa ka wahalar da kanka wajen sauya tambarin? Ka sauya ne domin ka san farashin ba ɗaya ba ne. Wannan ratar da ke tsakanin farashin biyu, da wane suna za ka kira ta ranar da za a tambaye ka?

Na uku, wanda ya fi yawa a cikin matasa da sababbin masu kuɗi, zai ce: ni ba sayarwa zan yi ba, sha'awa ce kawai. Muna tunatar da shi hadisin Asma'u 'yar Abubakar (R.A.), inda wata mata ta tambaya ko za ta iya nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Manzo ya kamanta mai yin tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Wa kake so ya gani, ya ɗan'uwa? Surukai? Abokan aiki? Maƙwabcin da zai ci bashi don ya kamo ka? Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Bayan haka, mota ba ta dawwama a hannun mutum guda. Gobe za ka sayar, wanda ya saya ya sayar, bayani ya ɓace a hanya, tambari kuwa yana nan yana ta ƙarya. Ko kuma ka mutu, magada su kimanta ta a kan abin da suka gani, a zalunci wani a rabon gado, ko su sayar wa bawan Allah da zuciya ɗaya. Kana kabari, ƙaryarka tana yawo a kan titi.

Kada kuma a ɗauka cutar ta tsaya ga kuɗi. Wanda ya zaci motarsa ba ta wuce shekara biyar ba, alhali ta haura sha biyar, ba zai binciki bututun birki da ƙafafunta yadda ya kamata ba, sai ya ɗebi iyalinsa ya hau babbar hanya.

GYARA YA FARA DAGA GIDA

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Da yawa daga cikin dillalai da masu sayar da motoci da masu kwaskwarima 'yan'uwanmu ne, a sahun farko muke salla tare da su. Abin kunya ne a ga mutum yana tsanantawa a kan daidaita sahu da ɗage wando, amma idan ya koma wurin sana'arsa ya zama shi ne gwanin mayar da 2008 ta koma 2018. Sunna ba ta ƙare a ƙofar masallaci ba. Mutanen Annabi Shu'aibu (A.S.) an halaka su ne a kan shirka da tauye mudu, kuma sura guda a Alƙur'ani ta buɗe da narkon azaba ga masu tauyewa. Wanda ya karɓi kuɗin mai fulogi shida ya ba da mai huɗu, mudu ya tauye.

KIRANMU

Ga mai saye muna cewa: kada tambari ya ruɗe ka. Galibin motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, gurbi na 10 shi ke nuna shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, J kuwa 2018. Ita kanta Hukumar Kwastam ta koma ga wannan lamba wajen kimanta harajin motoci a 2022. Ka gwada lambar da takardu, ka sa bakanike mai tsoron Allah ya buɗe bonet ya ƙirga fulogi.

Ga mai sayarwa da dillali: in motar da ke hannunka an sauya mata fuska, ka faɗa tun kafin a yi ciniki, a rubuta a takarda. In ka riga ka sayar a kan yaudara, tuba ba ta cika sai ka nemi mai haƙƙi ka mayar masa da rararsa ko ka warware cinikin.

Ga masu kwaskwarima: idan kun san abin da ake nufi da aikin, ku sani mai taimako a kan zunubi yana da kasonsa. Ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da motoci: ku wajabta bayyana shekarar gaskiya a kan kowace mota. Ga malamai da limamai kuma: ku ba babin ciniki haƙƙinsa a karatuttuka da huɗubobi, kamar yadda kuke ba babin tsarki.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da zukatanmu da abin da Ya ba mu, Ya sa zahirinmu ya dace da baɗininmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.