Muƙami Da Allon Aji

Malamin firamare ya fi kowa sanin cewa sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ya kasa haɗa baƙi da wasali a zangon farko, maimaici ne yake buɗe masa baki. Abin takaici, da zarar an zaɓi wasunmu a muƙamin ƙungiya sai su daina leƙa makarantun ƙauye, kamar durƙusa wa wada gajiyawa ce. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma har rasuwarsa a 1983 talaka bai rasa shiga gidansa na Gwammaja ba. Muna kira ga shugabannin reshenmu su riƙa ziyartar makarantu kowane zango, su ji kukan albashi da ƙarin girma daga bakin masu shi.