Shinkafa A Fadama, Rama A Gida

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da masunta da 'yan kasuwa na Geza da Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo, har zuwa Tsamiya bakin iyakar Benin, maganarmu ta yau a kan tukunya ta ke. Muna roƙonku ku karanta ta da kyau, sa'an nan ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a rumfar kasuwa da bakin masallaci.

Kowa ya ji ana kiran Jihar Kebbi gidan shinkafa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Banki cikin watan Nuwamba na 2015. A 2016 aka soma ɗura shinkafarmu cikin buhuna ana kai wa mutanen Ikko. An buga ganga, an yi jawabai. To, sai ga binciken lafiyar jama'a na 2018, wanda gwamnatin tarayya ta yi da kanta, ya nuna cewa cikin kowaɗanne yara uku 'yan ƙasa da shekara 5 a jihar nan, biyu sun tsumbure. Watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, don ba su sami abinci mai gina jiki ba tun suna goye. A wannan lissafi babu jihar da ta fi tamu muni a duk Nijeriya. Shin jama'a, ina amfanin suna a rediyo alhali ɗanka yana ramewa a gida?

Bari mu fara da laifin masu mulki, gama shi ya fi girma. Cikin watan Agusta na 2019 aka rufe iyakar ƙasa, ba a sassauta ba sai Disamba na 2020. Mutanen da tun kaka da kakanni su ke cin kasuwa ɗaya da 'yan'uwansu na Segbana da Malanbil, aka wayi gari sun zama masu laifi a kan hanyar da iyayensu suka bi da jaki. Cikin damunar 2020 kogin Kwara ya yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa, manoma da yawa suka tashi da bashi a wuya. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa, mai mota ya ƙara kuɗin buhu, mai injin niƙa ya ƙara nasa. Zuwa watan Yuni na 2024, ofishin ƙididdiga na gwamnati ya ce tsadar abinci ta ƙaru da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Da aka ƙara albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 a wannan shekarar, mai sayar da barkono a kasuwar ƙauye bai ga ko kwabo ba, don shi ba ɗan albashi ba ne.

Wannan duka gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗi ba. Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lalle mu ma muna da namu laifi, kuma ba mu yi muku adalci ba in mun ɓoye shi.

Ku dubi abin da mu ke yi da kaka. Gero da dawa da wake da gyaɗa na shigowa gida, sai mu kwashe su zuwa kasuwa a lokacin da kowa ke kawo nasa, mu sayar da arha ga masu kuɗin ajiya. Bayan wata shida, da bazara ta kama, mu koma wurin mutumin nan mu sayi mudu ɗaya da kuɗin da muka sayar da biyu. Kuɗin da muka karɓa kuwa ina ya tafi? Wani ya tafi a biki, wani a bashi, saura kuma a taliyar leda da burodi da lemon kwalba da madarar gari, don an sa mana a rai wai cin waɗannan shi ne wayewar kai.

Alhali kuwa likitoci sun tabbatar abincin iyayenmu shi ya fi gina jiki. In aka haɗa wake da gero, ko wake da shinkafa, abin da ɗaya ya rasa ɗaya na cika shi, har su yi wa jiki aiki kusa da na nama. Zogale da kuka da rama da yakuwa suna taimakon jini. Manja yana kare ido. Ƙananan kifin nan busassu da masuntanmu ke shanyawa a bakin Kwara, in an daka su da ƙashinsu an zuba a kunun yaro, suna ƙarfafa ƙashi. Shinkafarmu ta gida wadda mata ke turarawa kafin a sussuka ta fi farar shinkafar kanti riƙe amfaninta, don turarin yana tura albarkar dusa cikin ƙwaya. Koko da ƙosai, ko fura da nono, sun fi shayi da burodi riƙe ciki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yanzu gare ku 'yan kasuwa. Manomi da masunci ba su bukatar a koya musu motsa jiki, abin da su ke bukata abinci ne da zai mayar da gumin da suka zubar. Amma ɗan kasuwa na zamanin nan fa? Ya fito gida ya hau babur, ya sauka a bakin rumfa, ya zauna a kan buhu daga hantsi har la'asar sakaliya. Yaro ke kawo masa ruwa, yaro ke kawo masa abinci. Tumbi ya fito, jama'a su ce Alhaji ya ji daɗi. Ran nan sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ko jifa. Sau da yawa hawan jini ne, wanda ke shekaru a jikin mutum bai ji ciwon komi ba. Ɗan'uwansa kuma ciwon sukari ne, mai cin ido da ƙafa da ƙoda. Dukiyar shekara ashirin sai ta ƙare a hanyar asibitin Birnin Kebbi ko Sakkwato, iyali su koma gidan jiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau cokalin shayi ɗaya. Ku ƙirga dunƙulen magi nawa a ke jefawa a miya guda, ga shi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, sa'an nan a ƙara gishiri a kai. Daddawa tana nan, a rage magi a mayar da ita wurinta. Ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi tana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi takwas ko fiye. Wa zai zuba cokali takwas a moɗa ya sha da saninsa? Hukumar ta kuma ce babba ya motsa jiki minti 150 a mako, watau tafiyar rabin sa'a da sauri, kwana biyar cikin bakwai. Wannan ba ya cin ko sisi. Ka taka zuwa rumfa da ƙafarka, ka taka zuwa masallacin da ya fi nisa, kuɗin babur ya zauna a aljihu.

To, ga shawararmu. Na farko, kowane magidanci ya ware na rumbu kafin ya ware na kasuwa. Na biyu, waɗanda ba su noma, su haɗa adashi mutum goma goma, su sayi buhunan gero da wake da kaka su ajiye, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, kada a zuba fiya-fiya a cikin wake. Saboda irin wannan guba ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015, abin da baƙo ya ƙi kuwa bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai tsabta, a ɗaure yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari za su mutu da kansu. Na huɗu, a shuka zogale a bayan kowane ɗaki. Na biyar, a daina ba maigida tsokar kifi a bar wa yaro da mai ciki romo, su ne suka fi kowa bukata. Na shida, duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna jininsa, ko da yana jin kansa garau.

Ga masu mulki kuwa, bukatarmu a fili ta ke. A gyara hanyoyin da ke fitar da amfanin gona daga ƙauyuka. A rage shingayen da ke kan hanya, gama duk kwabon da aka karɓa wurin direba, a kan mudun talaka ya ke ƙarewa. A gina rumbunan ajiya da ƙungiyoyin manoma za su riƙe da kansu. A sa ma'aunin hawan jini da ma'aikaci a kowane ƙaramin asibitin mazaɓa, har da ta Matsinka da Geza. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, kada ku karɓi taliya da atamfa ku yi shiru. Ku tambaye shi a gaban jama'a: me ka yi a kan yaran nan biyu cikin uku?

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma. Amin.