Salla tana tafiya, kaka tana nan: ƴan kasuwar Icirnawa, mu duba kalanda



Kowa ya san Salla ba sabuwar riga da nama kaɗai ba ce. Ranar ce ake kai wa maƙwabci tuwo, a gaida surukai, masu gaba su shirya. Maigidan da ya kasa ɗinka wa ƴaƴansa, kunya ce ke cin sa, ba yunwa ba.

To amma watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kaka kuwa tana nan inda take. A 2025 Babbar Salla ta zo a farkon watan Yuni, daidai lokacin shuka. Rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin iri, ga na taki, ga rago. Kuɗi na hannun manomi a Oktoba da Nuwamba, buƙatar Salla kuma ta faɗo lokacin da aljihu ya bushe. Haka za mu yi ta fama shekaru masu zuwa, don Salla na ƙara shiga bazara ne.

A jami'ar Stanford ta Amurka ana koyar da wata dabarar kasuwanci: fara sauraron mai saye, gano matsalarsa, gwada mafita kaɗan, ka gyara, sannan ka faɗaɗa. Mu kuwa mun saba jibge kaya mu zauna jiran ciniki. In ba a saya ba, mu ce gari ba kuɗi.

Me zai hana tela ya buɗe littafi tun kaka, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ya yi ɗinkinsa a tsanake, ba sai daren Salla a taru ana zage-zage a ƙofar shago ba? Mai kiwo ya karɓi kafin alƙalami kan ɗan rago, a biya sauran sannu a hankali. Matanmu sun daɗe da sanin wannan a adashi. Mai kai kaya kasuwar Matamaye ko Kance ya tambayi mutum goma abin da ya gagare su bara kafin ya saro.

Wani zai ce: amana fa? Gaskiya ne, wanda aka taɓa cinye wa kuɗi ba ya sakewa. Shi ya sa a rubuta, a sa shaidu, a fara da mutum biyar. In an cika alkawari, bakinsu ya isa talla.

Wanda ya sauƙaƙa wa maigida fita kunyar iyalinsa, ya samu abokin ciniki har ƴaƴansa. Allah ya kai mu kaka lafiya.