Man da aka tsimi a barikin soja, rai ne aka tsare a hanya

Duk litar man da ake sha a Wagadugu ta yi doguwar tafiya kafin ta iso. Burkina Faso ba ta da teku. Daga tashoshin Lome, Kwatano, Tema da Abijan tankoki ke ɗauko mai, kamfanin SONABHY ya adana shi a babban rumbunsa na Bingo. Daga nan ake raba wa mai babur a Tanghin, da injinan SONABEL na Kossodo, da barikokin soja.

Abin da ya faru a Mali ya isa darasi. Daga Satumbar 2025 'yan bindiga suka riƙa ƙona tankoki a kan hanyoyin Senegal da Kodebuwa, har aka rufe makarantu na mako biyu saboda rashin mai. A gida ma ba mu manta da Gaskinde ba, inda aka afka wa ayarin kaya mai zuwa Djibo ranar 26 ga Satumbar 2022. Sojan Amurka sun taɓa yin lissafi a Afganistan: a shekarar 2007, cikin kowane ayarin mai 24, mutum ɗaya na mutuwa ko ya ji rauni.

To, ina mafita? Motar yaƙi dai sai da gazuwal. Amma fitilun bariki, da famfon ruwa, da firjin magani, da cajin oba-oba, duk hasken rana na iya ɗaukarsu. Tashar Zagtouli, wadda aka buɗe a Nuwambar 2017 da ƙarfin megawat 33, ta nuna ranar ƙasar nan dukiya ce. Janareton da ke kwana yana ruri don fitila goma asara yake yi, domin injin da ba a ɗora masa nauyi sosai ba yana shan mai fiye da aikinsa.

Sai dai a yi hattara da ɗoki. An taɓa sa rai da man bini-da-zugu, Larle Naaba ya tsaya a kai, manoma suka shuka, amma amfanin bai kai yadda aka zata ba. Faifan sola ma yana son batir mai kyau da mai share masa ƙurar hunturu. Tashar nukiliyar da aka sa hannu a kanta da Rosatom a Oktoban 2023 kuwa aikin shekaru ne.

Saboda haka a fara da abin da ke hannu: awon kowace lita, gyaran injina, da toshe ƙofar satar mai. Man bariki amanar talakawa ce, kuma tankar da ba ta hau hanya ba, direbanta da sojan rakiyarta sun kwana gida. Ɗalibanmu su koyi aikin sola, kwamitocin masallatai su duba nasu fankoki da fitilu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.