Rigakafin Kaji: A Hanya Yake Mutuwa Kafin Ya Isa Akurki

Duk shekara idan hunturu ya kama, labarin ɗaya ne a Gusau, Tsafe da Bungudu: kaji su fara gyangyaɗi, su yi koren zawo, wuya ya murɗe, kafin mako akurki ya koma wayam. Cutar Newcastle ke nan, ba ta da magani sai rigakafi. Abin takaicin shi ne, har waɗanda suka sayi rigakafin kan tafka asara, su ce jabu aka sayar musu.

Sau da yawa ba jabu ba ne, zafi ne ya kashe shi. Rigakafi irin LaSota ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, wadda dole ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8. Idan firjin mai shago a Sabon Gari ya kwana babu wuta, ko aka ɗauki kwalbar a aljihu bisa babur zuwa ƙauye da tsakar rana, ƙarfinsa na iya raguwa. Haka nan idan aka haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin, ko ya wuce awa 2 bayan haɗawa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Zamfara. Gidaje da dama da ɓarayin daji suka raba da shanu da tumaki, kaji kaɗai suka rage musu. Da su uwa ke sayen sabulu, ta kai yaro asibiti.

Mafita kuwa tana cikin ƙasar nan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin I-2, wanda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita duk bayan wata 4.

Muna kira ga gwamnatin Zamfara ta sayo shi kai tsaye daga Vom, ta horar da masu yin rigakafi a kowace mazaɓa, musamman mata, domin su ke iya shiga gidaje. A tsara zagaye uku a shekara, ɗaya kafin hunturu. A sa firji mai aiki da hasken rana a asibitocin dabbobi, a kuma riƙa duba yadda 'yan kasuwa ke ajiye maganin.

Mai kiwo ma yana da nasa: ya tafi da kula mai ƙanƙara, ya duba ranar ƙarewar aikin maganin, kada ya yi wa kaza mara lafiya rigakafi, ya kuma ware wadda ya sayo a kasuwa na mako 2.

Rigakafi ya fi magani, amma sai wanda ya iso da ransa.