Mutum Ba Buhun Citta Ba Ne

Jama'ar Kafanchan da kewaye. Yau zan taɓo wata magana wadda na san wasunmu ba za su ji daɗinta ba.

A farkon 2017 Audu Maikori, mai kamfanin waƙoƙi na Chocolate City, ya rubuta a Twitter cewa makiyaya sun kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Makarantar ta ƙaryata, shi ma daga baya ya janye ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya yaudare shi. Duk wanda ya ga abin da ya faru a garin nan a 1987 da 2011 ya san irin wannan labari yana iya cin rayuka kafin gari ya waye. Ba na kare shi a kan wannan ko kaɗan.

To amma me ya biyo baya? A watan Fabrairu 'yan sanda suka kama shi a Legas da takardar kamu ta wata kotu a Kaduna, suka wuce da shi Abuja. Da yawa daga cikinmu suka yi ta murna, wai maganinsa ke nan. A nan ne na rabu da ku.

Ƙa'ida ita ce, takardar kamu da aka bayar a wata jiha sai an kai ta gaban kotun jihar da mutumin yake, alƙali ya duba ya sa hannu, kafin a tafi da shi. Ba a yi haka ba. Shi ya sa a watan Oktoba na 2017 Mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce kamun bai halatta ba, ya kuma yanke diyyar naira miliyan 40.

Wani zai ce ai rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Nijeriya, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa, ba kamar Amurka ba inda sai gwamna ya roƙi gwamna kafin a miƙa wanda ake nema. Gaskiya ne. Amma ɗan sanda ɗaya ne, kotu ba ɗaya ba ce. Kuma sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wai shin Legas ba ta da kotu ne?

Yanzu ku tsaya ku yi tunani, wa ya fi mu buƙatar sa hannun alƙalin nan? Mu ne muke warwatse daga Mile 12 zuwa Anaca zuwa Fatakwal, da shanu da albasa da citta. Ɗan kasuwarmu ya yi rigimar bashi da wani mai hanya a can, ya dawo gida, sai kawai a zo da mota da daddare a ɗauke shi, iyalinsa ba su san inda aka nufa da shi ba. Maikori lauya ne, yana da kuɗi, jaridu sun san sunansa, washegari aka sake shi. Mai sayar da albasa fa, wa zai yi masa kuka?

Don haka idan aka zo kama wani naku da takardar wata jiha, kada a yi gardama, kada a tara matasa. A nemi ganin takardar, a duba ko kotun nan jihar Kaduna ta sa mata hannu, a rubuta sunan jami'in da ofishin da ya fito, sannan a kira lauya tun motar ba ta bar gari ba.